Ɗinkin Wuta a Hamadar In Salah

Kwana goma sha ɗaya muka yi a hanya kafin mu shiga Tamanrasat, ni da Lawali, ɗan gwaggona na Sassumbrum. Ni tela ne a Waca, shi kuwa manomi. Na girme shi da shekara huɗu, kuma ni na ja ra'ayinsa ya biyo ni, wannan ba zan ɓoye ba. Damina ta yanke mana da wuri a shekarar. Geron da ya sa a rumbu ba zai kai shi ƙarshen sanyi ba, ni kuma waɗanda ba su da na tuwo ba sa kawo ɗinki. Wani direba a tashar Magariya ya ba ni lambar wani Alhaji Ɗanjimma, ya ce duk ɗan Damagaram da ya sauka Aljeriya a hannunsa yake samun aiki, kuma ana neman teloli. Da wannan lambar a aljihu muka wuce Agadas da Arlit da rairayin da ke bayansu.

Alhaji Ɗanjimma ya karɓe mu da fara'a. Mutum ne mai jiki, sanye da farar jallabiya, Hausarsa irin ta gida sak. Da ya ce mana sannu da hanya sai da na ji ƙwalla ta taru mini. Ya sa aka dafa shayi, ya riƙa tambayar Waca unguwa-unguwa kamar wanda ya bar ta jiya.

Ya ce, "Wane ne telan a cikinku?"

Na ce ni ne.

"To kai ka riga ka samu aiki. Ƙanenka ma ba zai zauna banza ba. Ku kawo katunanku na ɗan ƙasa in kai a yi muku takardar zama."

Lawali ya dube ni, na gyaɗa masa kai, muka miƙa. Tun daga ranar ban sake ganin katina ba.

Washegari ya kai mu wani babban gareji a bayan tashar manyan motoci. Na duba dama da hagu, babu keken ɗinki ko ɗaya. Tamfol ne kawai shimfiɗe a ƙasa, shuɗi da kore, irin wanda ake rufe kamiyo, wato babbar motar kaya, da shi, ga wani wari mai yaji yana shiga hanci.

Na ce, "Alhaji, ina kekunan?"

Ya yi dariya ya ce, "Nan ba da zare ake ɗinki ba, da wuta ake yi."

Ya yi magana da mai garejin da Larabci, suka tafa, ya fita. Lambar tasa ta ci gaba da shiga kwana biyu, a na uku aka kashe ta.

Mai garejin sunansa Rabah, kowa na ce masa patron, wato maigida. Ba ya cire baƙin tabarau ko a cikin inuwa, kuma bai taɓa tambayar sunanmu ba. In zai kira ni sai ya ce "tela", in zai kira Lawali sai ya tafa hannu. Wanda Allah ya haɗa mu da shi a wurin shi ne Ghali, wani dattijon Buzu na Agadas da ya shekara goma sha biyar a aikin. Kan yatsunsa duk sun yi santsi suna sheƙi saboda ƙuna, yana kuma fama da tari.

Shi ya ɗora mini bindigar iska a hannu. Ba bindiga ba ce ta gaske, inji ne mai kama da tocila babba, yana hura iska mai zafin da za ta ƙone gashin hannu tun daga nesa. Ana ɗora bakin tamfol ɗaya a kan ɗaya, a zura bakin injin tsakaninsu, robar da ke jikinsu ta fara narkewa, sai a bi da ƙaramar taya ta hannu ana dannawa. In ta huce, guda biyun sun zama ɗaya, ruwa ba ya ratsawa. Ranar farko na huda tamfol wuri shida.

Ghali ya ce, "Kana sauri kamar ana koranka. Abu uku ne, ɗana: zafi, da tafiya, da danni. In zafi ya yi yawa ka ƙona. In ka yi sauri bai narke ba. In ba ka danna ba, ya narke a banza. Dubi bakin. In ka ga ɗan narkakken abu ya fito siriri kamar zare, ya kama."

Hannun tela ya taimake ni, domin na san miƙe layi. Kafin wata guda ina haɗa rufin kamiyo ni kaɗai. Lawali shi ke jan tamfol, yana goge bakin da tsumma, yana riƙe mini. Aikin bai taɓa shiga ransa ba. Da rana ana ba mu burodi da wata miyar ƙananan wake, kullum ita. Sai ya tsoma burodin ya daɗe yana kallonsa.

Wata rana ya ce, "Yaya Sanusi, yau kasuwar garinmu ke ci. Yanzu haka Hadiza tana dama fura."

Na ce, "Ci abincinka."

"Ina ci. Kawai faɗa maka nake yi."

Kowace Juma'a yakan ari salular Ghali ya kira matarsa Hadiza. In ya gama sai ya shiga bayan tulin tamfol ya zauna, ba wanda ke binsa. Fita gari kuwa ba ma yi sai masallacin da ke kusa, don wanda ba shi da takarda ko tarin mutane ya gani sai gabansa ya faɗi. Sau uku na tambayi Rabah maganar katunanmu ta bakin Ghali. Sau biyu ya ce suna wurin Ɗanjimma. A na uku ya buga aljihun rigarsa ya ce suna nan, in aiki ya ƙare zai ba mu.

Muna wata huɗu sai Rabah ya samu kwangila a arewa, wajen In Salah, ta shimfiɗa leda a tafkunan gonaki. Ghali ya ce ƙirjinsa ba zai ɗauki wannan ranar ba, don haka mu za a tafi da mu. Kafin mu tashi ya kwana biyu yana koya mini babban injin da ake wannan aikin da shi. Inji ne mai tafiya da kansa. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai fasalin bakin gatari, wuta ke gasa shi. Ana shigar da shi tsakanin leda biyu, ya narka ta sama da ta ƙasa, tayoyin ƙarfe su bi baya su matse. Layi biyu yake bari, da ɗan rami a tsakani. In an gama sai a toshe ramin gaba da baya, a soka allura, a hura iska, a zuba wa agogon awon iska ido. In allurar agogon ta tsaya, ɗinkin ya yi. In ta sauka, akwai inda yake yoyo.

Ghali ya sa mini awartakinsa a jaka ya ce, "Kowace safiya, kafin ka taɓa tafkin mutane, ka haɗa guntaye biyu, ka yanka, ka ja da wannan. In ledar ta yage a gefe, ɗinkin ya tsaya, ka fara aiki. In ɗinkin ya ɓare kamar ɓawon ayaba, kada ka fara, ko wa ya ce."

Kwana biyu muka yi a bayan kamiyo, a kan naɗaɗɗun ledoji baƙaƙe masu kauri kamar fatar sa. Duwatsun Tamanrasat suka ƙare, aka shiga fili fetal, babu itace, babu tsuntsu. Na saba da zafin bazarar Magariya, amma na In Salah daban ne. Ruwan da ke cikin bido, wato jarka, kan yi zafin da za a iya jiƙa shayi da shi.

Gonar da aka kai mu tana nesa da gari. Akwai rijiyar foraj, wato burtsatse, da ƙananan dabino da aka dasa layi-layi, tsawonsu bai wuce ƙugu ba, da wani ƙaton rami da aka haƙa, faɗinsa ya kusa filin ƙwallo. Shi za mu lulluɓe da leda, a tara ruwa, a riƙa shayar da dabinon. Muna sauke kaya sai ga wani tsoho siriri da rawani ya nufo mu. Ya tsaya ya dube mu, sai ya ce, "Sannu da aiki. Ina gajiya?"

Lawali ya saki igiyar da ke hannunsa.

Shi ne mai gonar, Alhaji Mabruk. Da ƙuruciyarsa ya shekara da shekaru yana kai dabino Agadas da Damagaram a mota, can ya tsinci Hausa. Ta ɗan karye, amma ana ganewa. Ya tambaye mu sunayenmu, ya kuma riƙe su. Kullum da hantsi yakan zo da dabino da nonon akuya a kwano ya ajiye mana a gindin tankin ruwa. Wata rana ya zo da gero a ɗan buhu, ya ce a kasuwa ya gani ya tuna da mu. Lawali ya daka shi a gwangwani da guntun ƙarfe, ya dama mana wani abu da ba fura ba ne, ba kunu ba ne, muka sha har da lashe kwano.

Ya taɓa zagayawa da ni cikin dabinon. Ya ce gidansa na cikin gari ya sayar ya haƙa foraj, sauran ya sayi dashen. 'Ya'yansa sun ce ya haukace. Ya shafa ganyen ɗaya ya ce, "Ni ba zan ci da yawa ba. Jikokina za su ci."

Da asuba muke fara aiki, da an ga hasken da za a bambance layi. In rana ta ɗaga, leda baƙa kan yi zafin da ba ta taɓuwa, ta kumbura ta yi tudu-tudu, ɗinki ba ya miƙewa. Mukan shimfiɗa, mu danne baki da buhunan rairayi don kada iska ta ɗauke, mu ɗora ɗaya kan ɗaya faɗin tafin hannu. Lawali na gaba yana goge ƙasa daga bakin, injin na binsa, ni ina bayan injin a tsugune, gurup, wato janareta, na ƙara a sama yana ba mu wuta. Kowace safiya ina gwaji da awartakin Ghali. Kwana goma sha biyu komai na tafiya daidai.

Saura gefen gabas da wani ɓangare na ƙasan ramin sai leda ta ƙare. A daidai lokacin aka yi wa Alhaji Mabruk rasuwa a wani gari, ya ce zai kwana uku. Ranar da ya tafi, da la'asar, Rabah ya dawo da kamiyo ɗauke da wata leda. Da na taɓa ta na san ba sabuwa ba ce. Ta yi toka-toka, ta ƙandare, ga alamun laka a jikinta. Daga wani tsohon tafki aka ciro ta bayan rana ta shekara da shekaru tana dukanta.

Da safe na haɗa guntaye, na yanka, na ja. Ɗinkin ya ɓare ba tare da na sa ƙarfi ba. Na ƙara zafi, na rage tafiyar injin, na sake. Ya ɓare. Na kankare fuskar ledar da wuƙa na sake, ya ɗan riƙe, sannan ya ɓare. Na ɗauki guntayen na kai wa Rabah a motarsa. A lokacin na tsinci Larabcin da zai ishe ni faɗa da ɗan Faransancin lakkol, wato makarantar boko.

Na ce, "Patron, wannan ta mutu. Ba ta kamawa."

Ya karɓi guntayen ya jefar ta taga. "Haɗa."

"Ruwa zai fita."

Ya cire tabarau, karo na farko da na ga idonsa. Ya nuna mini hamada da hannu ya ce, "Ga hanya nan. Kai da ɗan'uwanka, ba takarda, ba ruwa. Ko ka haɗa kafin tsohon ya dawo, ko ku kama ta."

Na koma cikin ramin. Lawali ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce mu haɗa."

"Yaya, tsohon nan gero ya kawo mana."

Na daka masa tsawa na ce ya ɗauki tsummansa. Ban taɓa yi masa tsawa irin wannan ba tun muna yara.

Saboda sauri, Rabah ya hana mu tsayawa da rana. Ya kuma ce ba zancen allura da agogo. A rana ta biyu, wajen azahar, tsohuwar ledar ta yi tudu a gaban injin, ya tsaya cak yana ci wuri ɗaya, hayaƙi na tashi. Na miƙa hannu zan kashe shi, Lawali kuma ya sa hannunsa na dama ya ja ledar don ta miƙe. Tana miƙewa injin ya zabura. Tayoyin suka kama yatsunsa biyu suka danna su a jikin ƙarfen.

Ihun da ya yi har yau ina jinsa. Kafin in buɗe injin, narkakkiyar leda ta manne masa a fata. Na zuba masa duk ruwan bidonmu. Rabah ya sauko ya duba, ya ba mu wani man shafawa da tsumma, ya ce ba komai, gobe zai warke. Ni kaɗai na ƙarasa aikin, ina goge bakin da hannu ɗaya ina bin injin da ɗaya. Da muka gama ya sa aka wanke tsohuwar ledar, aka watsa rairayi a kanta, ta saje da sauran.

Alhaji Mabruk ya dawo a rana ta huɗu. Hannun Lawali ya fara gani. Ya tafa hannu yana salati, ya koma motarsa ya ɗauko zuma ya shafa masa da kansa. Sannan ya tsaya a bakin tafkin ya daɗe yana kallo, fuskarsa cike da murna. Rabah na can gefe yana waya. Tsohon ya juyo gare ni, da Hausa, wadda Rabah ba ya ji ko kalma ɗaya, ya ce, "Sanusi, aiki ya yi kyau?"

Na ce, "Ya yi kyau, Alhaji."

Aka kunna foraj, ruwa ya fara shiga. Mu kuma aka ɗauke mu zuwa wata gona mai nisan awa biyu.

Kwana goma sha tara muka yi a can. Hannun Lawali bai warke ba. Ya kumbura har wuyan hannu, yatsun biyu suka yi baƙi, zazzaɓi na zuwa masa yana tafiya. Ya daina maganar gida, ya daina maganar komai. In na ce masa yaya jiki sai ya ce da sauƙi, ya juya fuska. Na roƙi Rabah ya kai shi gidan likita, ya ce in an tambayi takarda shi za a kama.

A rana ta ashirin da safe aka kira Rabah a salula. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ce mu hau mota.

Tun daga nesa na ga abin da ya faru. Ruwa ya daɗe yana tsiyaya ta ƙarƙashin ɗinkin yana cin rairayi, har gefen gabas ya rufta gaba ɗaya. Tafkin ya zube a lokaci guda, ya haƙa kwazazzabo ta tsakiyar gonar. Layukan dabinon da ke kusa ya tumɓuke su, wasu ya binne su a laka. Ledar na rataye a yage. Alhaji Mabruk na tsaye cikin taɓo har gwiwa, da dashe ɗaya a hannu, yana nema masa wurin da zai mayar.

Rabah ya sauka yana ɗaga murya tun kafin ya isa. Na ji abin da yake cewa. Waɗannan baƙin ne, in ji shi, sun ce sun iya aiki ashe ƙarya ne, shi ma cutarsa suka yi. Ya kamo wuyan rigata ya jawo ni gaban tsohon.

Alhaji Mabruk bai dube shi ba. Ni ya duba. Ya ce, "Kai ka haɗa wannan?"

Na dubi Lawali a jingine da mota, ya rungume hannunsa a ƙirji. Na ce, "Ni na haɗa, Alhaji. Ledar tsohuwa ce, ya kawo ta ranar da ka tafi gaisuwa. Na gwada, ba ta kama ba. Na faɗa masa, ya ce in haɗa ko mu bi hamada. Na haɗa. Da ka tambaye ni, na sani, na ce maka ya yi kyau."

Na shiga taɓon na jawo bakin ledar, na kama ɗinkin da hannu biyu na ja. Ya ɓare tsawon kamu uku. Na juya masa bayanta ya ga tsohuwar laka da ta bushe a jiki tun ba a gonarsa ba.

Abin da suka faɗa wa juna da Larabci ya fi ƙarfin kunnena. Na dai ga tsohon ya ɗaga yatsa sama. Rabah ya koma motarsa, ya jefo jakunkunanmu ƙasa, ya ja ya tafi da injinsa da katunanmu, in ma suna wurinsa.

Muka tsaya a rana mu biyu. Alhaji Mabruk ya ci gaba da tono dashensa kamar ba mu a wurin. Can na ajiye jaka na shiga taɓon na fara tono tare da shi. Bai hana ni ba. Da la'asar ya wuce ta gaban Lawali, sai ya tsaya. Warin hannun ne ya tsayar da shi. Ya kwance tsumman ya duba, ya ce, "Tashi."

Shi ya kai mu gidan likita a In Salah. Da aka tambayi takarda ya ce mutanensa ne, a rubuta sunansa. Lokotoron ya ce da an ƙara kwana biyu da hannun gaba ɗaya za a cire. Aka yanke manuniya da ta tsakiya. Da Lawali ya farfaɗo ya ɗaga hannun a naɗe ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaya, kada ka faɗa wa Hadiza a waya. Bari in je da kaina."

Sati guda tsohon bai yi mini magana ba. Abinci na zuwa, magana babu. Ina kwana a rumfar gona, ina shayar da dabinon da suka rage da bokiti daga bakin foraj, tun safe har rana ta faɗi, duk da haka wasu na bushewa a kan idona. A rana ta takwas ya zo da sabuwar leda a mota da injin da ya aro wurin wani. Daga baya na ji cewa awakinsa ya sayar. Ya ce, "Za ka iya?"

Na ce zan iya.

Aka gyara gefen da ya rufta da katafila, na yanke tsohuwar ledar duk na fitar. Wata guda na yi a aikin. Kowace safiya in na haɗa guntayen gwaji, shi nake miƙa wa awartakin ya ja da hannunsa. Kowane layi na hura masa iska, mu tsuguna tare mu kalli agogon. Kusurwoyi da bakin bututu na bi su da bindigar iska da ƙaramar taya, a hankali, yadda Ghali ya koya mini. Da aka sallamo Lawali sai ya riƙa zama a bakin ramin yana riƙe mini wayar wuta da hannun hagu don kada ta shiga gaban injin. Aka cika tafkin, muka sa alama a bakin ruwa, muka jira kwana biyar. Bai sauka ba sai ɗan abin da rana ta sha.

Alhaji Mabruk ya samo mana wuri a kamiyon wani ɗan'uwansa mai kai dabino Agadas. Ya ba mu guzuri, ya ba Lawali maganin wankin ciwo. Da za mu hau na durƙusa na ce, "Alhaji, ka yafe mini."

Ya dubi fuskata. Sannan ya ce, "Na san tsoro, Sanusi. Na yi baƙunci a ƙasarku, na san yadda yake. Amma da Hausa na tambaye ka. Rabah ba ya ji. Ko kai ka girgiza mini, da ya isa."

Na ci gaba da durƙuso a gabansa.

Ya ce, "Tashi, mota na jira. Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

Wata takwas cif da fitarmu muka sauka a tashar Magariya. Damina ta sauka, ko'ina kore, gero ya kai tsawon taƙi. Muka hau kabu-kabu biyu zuwa Sassumbrum. Lawali ya sa hannun a cikin aljihun riga tun daga bakin gari.

Gwaggo na tsakar gida tana tsince wake. Ta tashi da guɗa, Hadiza ta fito da gudu daga ɗaki. Ya miƙa wa mahaifiyarsa hannun hagu. Ta tsaya. Ta sa hannu ta zaro na daman daga aljihun da kanta, ta juya shi sama da ƙasa. Hadiza ta toshe baki ta koma ɗaki.

Gwaggo ta ce, "Sanusi, da yatsu goma na ba ka shi."

Na zauna a ƙasa na faɗa mata duka, har tsawar da na yi masa. Lawali ya ce, "Inna, ni na sa hannuna, ba shi ya sa mini ba." Ta ce masa ya yi shiru. Ta koma kan tabarmarta ta ci gaba da tsince waken.

Can ta ce, "Maƙwabta sun shuka masa gonarsa, amma ciyawa ta kusa cinye ta. Kowa na fama da tasa. Hauyarsa na bayan rumbu."

Da gari ya waye na ɗauki hauyar na nufi gonar. Rabona da noma tun kafin in koyi ɗinki, kafin hantsi tafin hannuna ya yi ruwa. Ina cikin kunya ta huɗu sai na ji motsi a bayana. Lawali ne, ya aro wata hauyar, ya kama kunyar da ke kusa da tawa. Na ji ta suɓuce masa ta faɗi. Ya ɗauka, ya yi sara biyu, ta sake faɗuwa. Ban waiwaya ba. Na rage sauri kaɗan-kaɗan, har na ji numfashinsa ya iso daidai kafaɗata.